Ƙarshen mako a Wrigley Field: filin besbol da ba ya yafe wa mai sayen tikiti ido rufe

An buɗe filin Wrigley Field da ke arewacin birnin Shikago na Amurka a shekarar 1914, ƙungiyar Cubs kuma ta tare a cikinsa a 1916. A duk filayen babbar gasar besbol ta MLB, Fenway Park na Boston ne kaɗai ya girme shi, shi ma da shekara biyu kacal. Tsufan nan shi ne hajar da ake sayarwa: bangon bulo da ganye mai yaɗo ya lulluɓe, allon maki da har yau mutane ne ke sauya lambobinsa da hannu, da fili a tsakiyar unguwa, gidajen jama'a sun kewaye shi. Tsufan nan dai shi ne tushen kusan duk abin da ke ɓata wa baƙo rai a wurin. A ganinmu ya cancanci a ware masa ƙarshen mako guda, amma da sharaɗin a san inda za a zauna. Mutum biyu za su biya kuɗi kusan ɗaya, ɗaya ya ga wasa sarai, ɗayan ya wuni yana leƙe ta gefen ginshiƙin ƙarfe.

Jadawali za a fara dubawa, kafin jirgin sama, kafin otal. Kakar wasa takan fara a ƙarshen Maris ta ƙare a ƙarshen Satumba, kowace ƙungiya tana buga wasa 162, rabi a gida rabi a waje. Cubs na da wasa 81 ke nan a Wrigley, amma ba kowane ƙarshen mako suke gari ba, sukan yi mako guda ko fiye suna zagaya wasu biranen. Idan suna gida, abin da aka saba shi ne wasa uku a jere da abokin karawa ɗaya: Juma'a, Asabar, Lahadi.

Wasan Juma'a a nan galibi da rana ake yin sa, ƙarfe 1:20. Filin bai samu fitilun dare ba sai a 1988, shi ne na ƙarshe a gasar da ya samu, kuma har yanzu dokar birni ta ƙayyade yawan wasannin dare saboda mazauna unguwar. Don haka wanda ya sauka Shikago da yammacin Juma'a ya riga ya rasa wasa ɗaya cikin uku, kuma shi ne wasan da ya fi ɗanɗanon wurin. Mai zuwa sallar Juma'a ya san lokutan biyu suna karo. Masallacin Downtown Islamic Center yana kan titin State a tsakiyar gari, daga can zuwa fili tafiyar minti ashirin da ɗoriya ce a jirgin ƙasa, sai dai a haƙura da farkon wasan. Wasan Lahadi kuwa ba a dogara da lokacinsa ɗari bisa ɗari. Idan gidan talabijin mai nuna wasa a faɗin ƙasar ya zaɓe shi, sai a ɗage shi daga rana zuwa dare, wani lokaci bayan mutane sun riga sun sayi tikitin jirgin komawa gida.

Sai ruwan sama. Filin ba shi da rufi, kuma ba a buga besbol cikin ruwa mai ƙarfi. Da hadari ya sauko sai ma'aikata su ja tamfol su rufe tsakiyar fili, a zauna jira, wani lokaci rabin awa, wani lokaci awa biyu. A ƙa'ida, wasa ya zama cikakke idan an kammala turmi biyar cikin tara (turmi shi ne zagayen da kowace ƙungiya ke yin bugu sau ɗaya), ko huɗu da rabi idan masu gida ne a gaba, kuma daga nan ba a mayar wa kowa kuɗi ko da ruwa ya tsayar da sauran. In kuwa an ɗage wasan gaba ɗaya, tikitinka yana aiki ne a ranar da aka sake sanyawa. Ranar kan iya zama gobe, a haɗa wasa biyu a wuni ɗaya, kan kuma iya zama bayan wata biyu, kai kana can wani gari. Maganin abin a bayyane yake: a sayi tikitin wasa biyu, ba ɗaya ba. Wanda ya ƙetare jihohi ko teku don wasa guda ya miƙa tafiyarsa ga gajimare. In an yi rashin sa'a ruwa ya zauna wa Shikago, Milwaukee na arewa, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a jirgin Amtrak, kuma filin ƙungiyar Brewers yana da rufi mai buɗewa da rufewa, idan an dace suna gida.

Tikiti duk na waya ne yanzu. Ana saukar da manhajar MLB Ballpark, a shiga da adireshin imel ɗin da aka yi sayayya da shi, tikitin ya bayyana a ciki. Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayayya da imel ɗaya a buɗe manhaja da wani, sai a isa ƙofa ana neman tikiti babu. Hoton da aka ɗauka na fuskar waya ba ya aiki a ƙofa, kuma idan jama'a sun taru intanet kan yi nauyi, don haka a buɗe tikitin tun a otal, a je da waya cike da caji. Farashi ba a tsaye yake ba. Kujera ɗaya takan ninka kuɗinta idan Asabar ce a watan Yuli, ko idan baƙin su ne St. Louis Cardinals, tsofaffin abokan gabar Cubs, ko White Sox na kudancin gari. Lambar farko da ka gani a shafi ba lallai ita za ka biya ba, akwai harajin nishaɗi na birni da na gunduma, sai an kai shafin ƙarshe ake kwatanta farashi. Kasuwar masu sake sayarwa, irin su SeatGeek, takan sauko awanni kaɗan kafin wasa, musamman idan sama ta yi duhu. Wannan caca ce da ta dace da mazaunin gari. Baƙon da ya zo da iyali, yana neman kujera huɗu a jere, ya saya tun da wuri.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa, wato kujera. Filin na ɗaukar mutum dubu 41 da 'yan ɗarurruwa. An gina benen sama ne bisa ginshiƙan ƙarfe da suka tsaya a tsakiyar wurin zama, irin ginin zamanin da, kuma gyaran da aka yi daga 2014 zuwa 2019 bai cire su ba, ba zai yiwu ma a cire ba. Lambobin sassa suna tafiya ne daga hagu zuwa dama idan kana kallon fili daga bayan mai bugu, ƙanana a ɓangaren hagu, manya a dama, kuma hawa-hawa suke. Sassa masu lamba ƙasa da ɗari su ne na bakin fili, su suka fi tsada. Na ɗari da wani abu suna bayansu, babu abin da ke tare su, sai dai babu rufi. Na ɗari biyu su ne tarkon. Layukan farko, kamar shida, suna gaban ginshiƙai, kuma suna cikin kujeru mafi daraja a filin idan aka auna kuɗi da gani. Daga nan zuwa baya sai matsala biyu su haɗu: ginshiƙi ya tare maka mai jifa ko mai bugu, benen sama kuma ya sauko kamar hula ya rufe maka sama. Wanda ke layukan ƙarshe yana ganin an bugi ƙwallo, ta ɓace masa, sai ihun jama'a ya gaya masa inda ta faɗa. Tsohon allon makin ma ba zai gan shi ba, sai talabijin ɗin da aka rataya masa a saman kai. Araha ba ta ado.

A benen sama ma haka rabon yake. Sassan ɗari uku suna gaban ginshiƙai, na ɗari huɗu suna bayansu. Saboda ginshiƙan nan ne benen ya matso kusa da fili fiye da na sababbin filaye, don haka sassan ɗari uku da ke tsakanin tunga ta ɗaya da ta uku (tunga ita ce matsayar da mai bugu ke gudu zuwa gare ta) su ne zaɓinmu ga wanda zai zo karon farko. Daga nan kana ganin yadda 'yan wasa tara suka jeru, kana ganin bangon ganye, da allon maki, da rufin gidajen unguwa. A sassan ɗari huɗu sa'a ce da lissafi: kujerar da ke tsakiyar tazarar ginshiƙai biyu lafiya lau take, ta kusa da ita kuma ta lalace. Kada a dogara da rashin gargaɗi a jikin tikiti, don ba kowace kujerar da ginshiƙi ya ɗan tare ake rubuta wa komai ba. Akwai shafukan intanet da 'yan kallo ke ɗora hotunan da suka ɗauka daga kujerunsu. A nemi sashe, layi da lambar kujera, a duba ko ana ganin abu uku a lokaci ɗaya: tudun mai jifa, wurin mai bugu, da tsakiyar fili. In ɗaya ya ɓace, a nemi wata.

Bencinan bayan fili, waɗanda ke saman bangon ganye, duniya ce daban. Ƙofarsu tana mahaɗar titin Waveland da Sheffield. A wasannin kakar wasa na yau da kullum babu lambar kujera, wanda ya riga zuwa shi ke zaɓa, don haka ranar Asabar layi kan kafu tun kafin a buɗe ƙofa. Babu majingina, babu inuwa, manyan allunan maki da na bidiyo kuma suna bayanka. A nan ne ake da al'adar mayar da ƙwallo cikin fili idan ɗan wasan baƙi ne ya buga ta har ta tsallake bango, kuma wanda ya ƙi jefawa zai sha ihu. Wuri ne na hayaniya da shan giya sosai. Mai ƙananan yara, ko wanda yake son ya fahimci wasan, ya bar su.

Rana da iska suna juya duk wannan lissafi gwargwadon wata. Mai bugu a Wrigley yana fuskantar arewa maso gabas. Wurin zama na ɓangaren tunga ta uku, wato na hagu, yana yamma, yana kallon gabas, don haka rana na bayansa da yamma, shi ne ke fara samun inuwa. A can ma aka ajiye rumfar 'yan wasan Cubs. Ɓangaren dama da bencinan titin Sheffield su ke shan rana a fuska har la'asar. A Yuli da Agusta, lokacin da zafi ke kai wa maki talatin, inuwar hagu ita ce abin nema. A Afrilu da farkon Mayu kuwa inuwar nan azaba ce. Tafkin Mishigan yana gabas da filin, bai kai tafiyar kilomita biyu ba, ruwansa bai huce daga sanyin hunturu ba, iskar da ke tasowa daga kansa tana dukan masu zama a inuwa kai tsaye. Za ka baro tsakiyar gari da riga ɗaya kana jin daɗi, a turmi na uku haƙoranka na haɗuwa. A watannin nan a zo da rigar sanyi mai kauri, da hula da safar hannu, ko me hasashen yanayi ya ce. Wani abin da hotuna ba sa faɗa: ganyen bangon, da aka dasa a 1937, ba ya yin kore sai wajen tsakiyar Mayu. Mai zuwa a Afrilu busassun jijiyoyi zai tarar a jikin bulo.

Iskar tana shiga cikin wasan kansa, kuma tutocin da ke saman allon maki su ne ma'auni. Idan suna kaɗawa zuwa cikin fili, ƙwallon da aka ɗaga sama za ta mutu a hannun mai tsaro, a tashi da maki biyu da ɗaya. Idan iskar kudu maso yamma ce tana tura su waje, ƙwallon da ba ta kai ta kawo ba sai ta tsallake bango. A irin wannan rana ce, 17 ga Mayu 1979, Philadelphia Phillies suka ci Cubs 23 da 22.

Maganar zuwa fili gajeriya ce: kada a zo da mota. Wurin ajiye motoci kaɗan ne kuma da tsada, titunan unguwar na masu takardar izini ne, motar janwe kuma ba ta wasa. Jirgin ƙasa na birni, layin ja, wanda alluna suka rubuta Red Line, yana tsayawa a tashar Addison, taku kaɗan daga fili, kuma dare da rana yake aiki. Daga tsakiyar gari a hau mai zuwa Howard. Mai zuwa 95th kudu ya nufa. A lura da kyau, tasha uku ne ke da suna Addison a Shikago, ɗaya a layin ja, ɗaya a layin ruwan ƙasa, ɗaya a layin shuɗi, kuma ta layin ja ce kaɗai ke bakin fili. Mai tahowa daga filin jirgin O'Hare yana kan layin shuɗi, yana da zaɓi biyu: ya sauka a Addison ta shuɗin ya hau bas mai lamba 152 zuwa gabas, ko ya wuce tsakiyar gari, tafiyar kamar minti 45, ya sauya zuwa layin ja a Jackson. Daga filin jirgin Midway layin ruwan lemo ne, a sauya a Roosevelt. Ana biya da katin sufurin birni mai suna Ventra, ko a ɗora katin banki ko waya a kan na'urar ƙofa. Katin kwana uku ya fi sauƙi ga mai zirga-zirga.

Wannan ne ke yanke maganar otal. Ba dole a kwana a unguwar filin ba. Hotel Zachary na tsallaken titi, amma kuɗinsa kan hau a ranakun wasa, kuma titin Clark cike yake da mashaya da ke raye har tsakar dare. Duk otal ɗin da ke kusa da tashar layin ja, kamar Grand, Chicago ko Lake, ya wadatar, ga shi kusa da bakin kogi da wurin shaƙatawa na Millennium Park don safiyar da babu wasa. Harajin otal a birnin ya haura kashi 17 cikin ɗari, a sa shi cikin lissafi. A kuma kauce wa ƙarshen makon bikin kiɗa na Lollapalooza, ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, lokacin ɗakuna kan yi tsadar gaske.

Ana buɗe ƙofofi awa ɗaya da rabi zuwa awa biyu kafin wasa, gwargwadon rana. Jakar goyo ba ta shiga, ko ƙarama ce. Sauran jakunkuna kada su wuce inci 16 da 16 da 8, kamar santimita 40 da 40 da 20 ke nan. Ba a karɓar tsabar kuɗi a ciki, kati ne ko waya. Babbar ƙofar da ke ƙarƙashin jan allon nan na mahaɗar Clark da Addison ita ta fi cunkoso, don kowa na son hoto a wurin. A ɗauki hoton, a zagaya ta ƙofar Gallagher Way, inda gumakan tsofaffin 'yan wasa irin su Ernie Banks, Ron Santo da Billy Williams suke. Abin yabo: an yarda mutum ya shigo da abincin kansa daidai cikinsa a leda, da ruwan gora na roba da ba a ɓalle murfinsa ba. Wannan kaɗai yana rage kashe kuɗi sosai.

Wanda bai san wasan ba, abu kaɗan zai riƙe ya ji daɗinsa. Turmi tara ne, a kowane turmi baƙi su fara bugu, masu gida su biyo, kuma ƙungiya na ci gaba da bugu har sai an fitar mata da mutum uku. Mai jifa yana tsaye mita 18 da ɗoriya daga mai bugu, yana sakin ƙwallo da gudun da ke kai wa kilomita 150 a awa. Jifa mai kyau uku da mai bugu ya kasa yi wa komai sun fitar da shi, jifa huɗu da suka kauce kuwa sun ba shi tunga ta ɗaya kyauta. Tunga huɗu ne har da gida, tsakanin kowace da 'yar uwarta ƙafa 90, maki ɗaya kuma shi ne mutum ya zagaye su ya dawo gida. Gwanayen masu bugu ma sau bakwai cikin goma suke faɗuwa, don haka shirun da ke tsakani ba alamar wasa ya mutu ba ne. Inda ake kallo shi ne lissafin jifa: idan ya kai uku da suka kauce da biyu masu kyau, ga mutane a tunga, za ka ga filin ya miƙe tsaye. Wrigley na da dokar kansa ma. Idan ƙwallo ta shige cikin ganyen bango ta maƙale, mai tsaro ya ɗaga hannuwa biyu, alƙalin wasa sai ya ba mai bugu tunga biyu. In kuwa ya sa hannu yana lalube, wasa na ci gaba, masu gudu na gudu.

Tsohon allon makin na 1937 ya cancanci a ba shi lokaci. Ma'aikata na cikinsa suna hawa tsani, suna zare farantan ƙarfe suna sa wasu, har da sakamakon wasannin da ake yi a sauran birane. Baƙi a layin sama, masu gida a ƙasa. Allunan bidiyo biyu da aka kafa a 2015 sun kawo maimaicin wasa da bayanan 'yan wasa, sun kuma rage wa filin tsohon kamanninsa, amma ga baƙo amfaninsu ya fi illarsu.

Tun 2023 aka sa wa mai jifa agogo: daƙiƙa 15 idan babu kowa a tunga, 18 a yanzu idan akwai. Wasan da a da yake haura awa uku ya dawo wajen awa biyu da minti arba'in. Wannan ya sauya lissafin ciki. Hutun da ke tsakanin rabin turmi da rabi minti biyu ne da 'yan daƙiƙu, barandar ƙasa kuma matsattsiya ce, gini ne na mutanen 1914. Wanda ya tashi neman abinci a turmi na uku zai iya dawowa a na biyar. A ci kafin jifar farko, a shiga banɗaki ana tsakiyar bugu, ba a lokacin hutu ba. Maza su sani cewa a wasu banɗakunan har yanzu dogon kwami ne na ƙarfe ake jeruwa a gabansa, wanda bai so ya jira ɗaki mai ƙofa. Kada kuma a bar kujera a tsakiyar turmi na bakwai, lokacin da dukan filin ke miƙewa a rera waƙa tare, al'adar da mai sharhin wasa Harry Caray ya raya a nan. Masu zama kusa da layin fili, inda ragar kariya ta ƙare, su sa ido duk lokacin da ake jifa, ƙwallon tauri gare ta kamar dutse.

Abincin cikin fili matsakaici ne, kuɗinsa kuma na filin wasa. Tsiran-burodin Shikago, wato hot dog, naman sa ne, ana zuba masa mustad, albasa, tumatir, kokwamba mai tsami da ƙananan barkono, kuma 'yan gari ba sa sa masa ketchup. Kasancewarsa naman sa ba ya nufin yankan halal ne. Bratwurst da tsiran da ake kira Italian sausage kuwa galibi naman alade ne, a tambaya kafin a saya. Gyaɗa mai ɓawo ba ta da matsala, ɓawon ma a ƙasa ake zubarwa, ba wanda zai kalle ka. Mai neman abincin halal na sosai ya nufi titin Devon a arewacin gari, inda gidajen abincin Indiyawa da Pakistanawa suka jeru: layin ja zuwa Loyola, sai bas mai lamba 155. A gidan abinci na zama ana barin ladan ma'aikaci kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari.

Rufin gidajen da ke tsallaken Waveland da Sheffield ma ana sayar da wurin zama a kansu, abinci da abin sha a cikin kuɗin. Sun dace da taron abokai da hira ta fi damu, amma nesa suke da mai bugu, allunan bidiyo kuma sun tare wa wasunsu wani yanki na fili. Ba mu ba da shawararsu ga zuwan farko. Rangadin cikin fili da jagora ya fi su amfani, sai dai ranar da babu wasa ne ake shiga wurare da yawa. Idan kuma an dace White Sox ma suna gida a makon, abin da ba kasafai yake faruwa ba, filinsu na 1991 yana kan layin jan nan a tashar Sox-35th. Ya fi arha, ya fi faɗi, kai-kawo a cikinsa ya fi sauƙi. Abin da ba shi da shi shi ne unguwa a jikin bango.

Bayan wasa, idan Cubs sun ci, ana ɗaga farar tuta mai harafin W a saman allon maki, in sun sha kashi a ɗaga shuɗiya mai L. An fara wannan ne don masu wucewa a jirgin ƙasa su san sakamako, tun zamanin da ƙungiyar ke cikin dogon farin nan na shekara 108 ba kofi, daga 1908 zuwa 2016. Tashar Addison a lokacin ba masaka tsinke, mutum dubu arba'in sun fito lokaci ɗaya. A taka minti goma zuwa sha biyar: mai komawa tsakiyar gari ya yi arewa zuwa tashar Sheridan ya hau jirgin kafin ya iso Addison ya cika, ko ya yi kudu zuwa Belmont inda layin ruwan ƙasa ma ke tsayawa. Motar haya ta manhaja a wannan sa'a kuɗinta ya hau, titunan kusa kuma a rufe suke.

Ranar Lahadi akwati ba ya shiga fili, dole a bar shi a wurin ajiyar otal. Wasan 1:20 zai ƙare wajen ƙarfe huɗu idan ba a yi ruwa ba, ba a kuma yi kunnen doki an shiga ƙarin turmi ba. A ƙara fita daga cunkoso, da komawa otal ɗaukar kaya, da minti 45 zuwa O'Hare, da layin bincike. Jirgin da zai tashi kafin ƙarfe takwas na dare zai sa ka bar kujerarka a turmi na bakwai.